Iyakokin Kafafen Sada Zumunta da Makomar Rubutun Hausa a Intanet

Tsakure

Wannan takarda ta bibiyi iyakokin da kafafen sada zumunta ke gindaya wa mai rubutu, tun daga adadin haruffan da aka yarje masa har zuwa ikonsa a kan abin da ya rubuta. Ta fara da asalin ƙaidin haruffa 160 na saƙon tes da yadda ya shafi haruffa masu lanƙwasa, sannan ta duba matsalar nemo rubutu da adana shi a Facebook da WhatsApp da X (tsohuwar Twitter), ta kwatanta su da manhajojin bulog irin su WordPress da Blogger. Matsayin takardar shi ne, ƙarancin fili ba shi ne babbar barazana ga rubutun Hausa ba. Babbar barazanar ita ce mafi yawan abin da Hausawa ke rubutawa a yau yana zaune a wuraren da ba a iya bincikawa, ba a iya kafa hujja da su, kuma babu wata hukuma tamu da ke ajiye kwafinsa.

1.0 Gabatarwa

Ba a taɓa yin zamanin da Hausawa suka yi rubutu da harshensu kamar wannan zamanin ba. Ɗan kasuwa na rubuta talla, malami na rubuta fatawa, matar aure na fitar da littafi babi-babi, matasa na kwana suna muhawarar siyasa. Sai dai idan ɗalibin digiri na uku ya tashi nazarin wannan rubutu nan da shekara ashirin, a ina zai same shi? Wanda ke son karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, yana da ɗakunan adana tarihi da zai nufa, ko da takardun sun tsufa. Wanda ke neman wata muhawara da aka tafka a Facebook shekara bakwai da suka wuce, sau da yawa sai ya dogara da ƙwaƙwalwar waɗanda suka halarta.

Idan aka zo maganar iyakokin kafafen sada zumunta, abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne adadin haruffa. Da shi zan fara, domin tarihinsa na nuna yadda shawarar da injiniyoyi suka yanke a wata nahiya ke sauya hannun rubutun mutanen da ba a yi shawarar da su ba.

2.0 Asalin 160, da Abin da Ya Jawo wa Ƙ, Ɗ da Ɓ

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ake tsara fasahar GSM a Turai, injiniya Bajamushe Friedhelm Hillebrand na cikin waɗanda suka tsayar da tsawon saƙon tes. An ware wa saƙon ɗan fili a hanyar da waya ke musayar sigina da turken sadarwa, filin da ke ɗaukar bit 1,120. Bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, sifili ko ɗaya. Aka tsara jerin haruffan da kowanne zai ci bit 7. A raba 1,120 gida bakwai, a samu 160. Daga nan lambar ta fito. An aika saƙon tes na farko a Ingila ranar 3 ga Disamba 1992.

Wannan jeri mai bit 7 an gina shi ne don harsunan Yammacin Turai. Akwai haruffan Jamusanci da Faransanci da Sifaniyanci a ciki, har da wasu manyan haruffan Girkanci, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Da zarar harafi ɗaya tak daga cikin waɗannan ya shiga saƙo, sai waya ta koma wani tsarin da kowane harafi ke cin bit 16. A sake raba 1,120 gida goma sha shida, a samu 70. Ke nan Bahaushen da ya rubuta "ƙwarai" daidai da ƙa'ida ya yi asarar haruffa 90 a take. Idan saƙon ya yi tsawo aka karkasa shi, kowane kashi zai ɗauki 67 a maimakon 153, kuma kowane kashi da kuɗinsa. Daga baya an ƙara jadawali na musamman don Turkanci da Fotugisanci da Sifaniyanci da harsunan Indiya goma, ciki har da Hindi da Tamil da Urdu. Babu harshen Afirka ko ɗaya a wannan ƙari.

GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Wayoyin wancan lokaci ma ba su da madannin haruffa masu lanƙwasa, don haka yawancin mutane ba su kai ga ganin wannan haraji ba, sun dai saba da rubutu babu lanƙwasa tun ranar farko. A kan wannan ƙunci aka haifi "slm" da "ykk" da "lfy" da "ngd". Daga baya "q" ta maye gurbin ƙ, "x" ta maye gurbin z, aka wayi gari ana rubuta "qasa" da "xan xo". Mu malaman Hausa mun daɗe muna ɗora laifin wannan a kan lalacin matasa. Ina ganin hukuncin ya yi tsauri. Yaron da ya koyi rubutu a na'urar da ba ta da harafin, kuma ake cajinsa ninki biyu idan ya samo shi, dabara ya yi. Abin da ya dame ni shi ne dalilin ya kau, ɗabi'ar ta zauna. Wayoyin yau na da madannin Hausa, saƙon WhatsApp ba ya ƙara kuɗi saboda ƙ, amma hannu ya riga ya saba.

Twitter, wadda aka kafa a 2006, ta gaji wannan lamba kai tsaye. An so saƙonta ya shige cikin tes ɗaya, sai aka cire haruffa 20 don sunan mai aikawa, 140 suka rage. A Nuwamba 2017 kamfanin ya ninka zuwa 280, yana mai kafa hujja da cewa kusan kashi 9 cikin 100 na saƙonnin Ingilishi na cika fili maƙil, alhali na Japananci kashi 0.4 ne kawai. Saboda haka aka bar Japananci da Sinanci da Koriyanci a inda suke. A nan haruffanmu masu lanƙwasa ba su gamu da haraji ba, kowanne a matsayin ɗaya ake ƙirga shi. Bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a Oktoba 2022 a kan dala biliyan 44, sai iyakar ta zama haja: a 2023 masu biyan kuɗin wata suka sami haruffa 4,000, daga baya har 25,000, marasa biya suka tsaya a 280. A ranar 1 ga Yulin shekarar aka sanar da cewa wanda bai biya ba ba zai karanta fiye da saƙo 600 a yini ba, kafin a sassauta. Iyakar da ta faro saboda ƙarancin fili a turken sadarwa ta koma hanyar tara kuɗi, kuma mai kamfani na iya matsar da ita da safe ya dawo da ita da yamma.

3.0 Iyakar da Ba a Gani

Facebook, inda Hausawa suka fi yawa, ba ta da matsalar fili. Rubutu ɗaya na iya kaiwa haruffa 63,206, wato tsawon maƙala da yawa irin wannan. Ta sanya Hausa cikin harsunan shafinta a 2016. Duk da haka, a nan ne iyakar da ta fi cutarwa take.

Rubutun da aka wallafa a Facebook an yi shi ne don yau. Manhaja ce ke zaɓar wanda zai gani da lokacin da zai gani, bayan kwana biyu sabon abu ya danne shi. Injinan bincike irin su Google ba sa kaiwa ga abin da ke cikin rufaffen zaure ko abin da aka taƙaita ga abokai. Ɗalibin da ya kafa hujja da wani rubutu ya ba da adireshinsa, mai duba aikinsa na iya latsawa a ce masa sai ya shiga da asusu, ko a ce abin babu shi. Idan aka rufe asusun marubuci, ko ya rasu babu wanda ya san kalmar sirrinsa, ko 'yan damfara suka ƙwace shafin, aikin shekaru na iya tafiya a dare ɗaya. Kamfanin da kansa ya taɓa samar da wani sashe na dogayen rubuce-rubuce mai suna Notes, sannan ya daina shi a ƙarshen Oktoba 2020.

WhatsApp ta fi haka rufuwa. Tun Afrilu 2016 saƙonninta ke tafiya a kulle daga waya zuwa waya, abin da ke da amfani ƙwarai wajen kare sirri, amma ma'anarsa babu wani rumbu na kowa da kowa. Kuma a nan ne babban kaso na ƙagaggun labaran Hausa na wannan zamani ke fita. Marubuciya ta buɗe zaure, masu karatu su tura kuɗi ta banki, ta riƙa sakin feji-feji kullum. Wannan tsari ya ba mata da yawa damar cin gajiyar alƙalaminsu ba tare da sun nemi maɗaba'a ko dillalin littafi ba, kuma ban raina wannan nasara ba. Amma littafin ba shi da lambar ɗab'i, ba shi da tsayayyen kwafi, babu ranar fitowa da za a iya tabbatarwa. Idan wani ya kwashe ya canza suna ya sayar, hujjar mai shi ita ce wayarta, wayar da ka iya faɗawa ruwa. Su ma ƙa'idojin yaɗawa kamfanin ne ke tsarawa: a Janairu 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a Afrilu 2020 ya mayar da saƙon da ya yawata sosai zuwa wuri ɗaya. An yi hakan ne don daƙile jita-jita, kuma dalili ne mai kyau, sai dai ya nuna wanda ke riƙe da linzami.

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare wadda ke ƙara dagula lamarin. Don kauce wa ƙarancin fili a X ko Instagram, mutane kan rubuta dogon bayani su ɗauki hotonsa su ɗora. Sanarwar hukumomi ma haka take fitowa. Hoton rubutu ba ya shiga bincike yadda rubutu ke shiga, kuma makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo ba ya samun komai daga gare shi idan ba a haɗa da bayani ba. Saƙon murya, wanda jama'armu suka fi ƙauna, shi ma haka.

Ko da rubutun na fili, bambancin hannu na raba shi. Kalma ɗaya na yawo da kamanni huɗu: ƙasa, kasa, k'asa, qasa. A tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991 kuma ya ba kowane harafinmu lambarsa, harafin Faransanci mai ɗauke da alama a ka ana iya warware shi zuwa harafi da alamarsa, don haka manhaja na gane danginsa cikin sauƙi. Ƙ ba ta warwaruwa haka. Harafi ce mai zaman kanta, sai an rubuta wa manhajar bincike ƙa'ida ta musamman kafin ta san tana da alaƙa da k. Alamar ɗauri ta hamza ma na da nata rikicin, domin maudu'in da aka liƙa wa alamar # yakan yanke a daidai inda ta faɗo. Wanda ya rubuta #Jami'a, abin da manhaja ta ɗauka shi ne #Jami.

4.0 Bulog da Buɗaɗɗen Intanet

Shafukan intanet da muka sani sun samo asali ne daga shawarar da Tim Berners-Lee ya gabatar a cibiyar CERN a 1989. Ranar 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta sake fasahar ga duniya kyauta. Ginshiƙinta abu ne mai sauƙi: kowane shafi na da adireshi, kowa na iya nuni zuwa gare shi, babu wanda za a nemi izininsa. A kan wannan aka gina manhajojin bulog. Blogger ta fito a 1999, Google ta saye ta a 2003. A wannan shekarar Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress, manhajar da lasisinta ya ba kowa damar ɗauka da gyarawa, wadda yanzu fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke tafiya a kanta.

Abin da bulog ke ba marubuci shi ne abin da kafafen sada zumunta suka hana shi. Kowane rubutu na da adireshinsa na dindindin da kwanan wata. Injin bincike na ganinsa. Mai karatu ba ya buƙatar asusu. Da fasahar RSS, mai bibiya na samun duk sabon rubutu bi da bi, ba tare da wata manhaja ta tace masa ba. Mafi muhimmanci, marubuci na iya sauke duk abin da ya rubuta cikin fayil ɗaya ya kai wani wuri, idan kuma sunan shafin nasa ne, masu karatu ba za su ma san ya tashi ba. Bambancin mai rumfar haya ne da mai shagon kansa: dukansu na ciniki, amma ɗaya ne ake iya cewa ya kwashe kayansa kafin Azahar.

Mun ga misalin wannan a gida. Ranar 4 ga Yuni 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Toshewar ta fara aiki washegari, ba a ɗage ta ba sai 13 ga Janairu 2022, kuma a Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa matakin ya saɓa wa doka. Tsawon wata bakwai, duk wanda aikinsa da masu karatunsa ke cikin Twitter kaɗai ya rasa hanya, sai dai ya bi ta VPN. A Chadi an toshe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. Gwamnati na iya toshe shafin mutum ɗaya ma, kuma idan aka katse layukan sadarwa gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumba 2021, bulog ba zai kai ga mutanen yankin ba. Duk da haka, rufe ƙofa ɗaya da miliyoyin mutane ke bi ya fi sauƙi a kan farautar shafuka dubu da ke warwatse.

Ba zan ɓoye raunin wannan ɓangare ba. Bulog ma na mutuwa. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke raye a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Sunan shafi haya ce ta shekara-shekara, ranar da aka daina biya ya suɓuce. Wurin ajiya a ƙasashen waje da dala ake biya, kuma kowa ya san abin da dala ta zama. Masaukan kyauta ma na rufewa: Yahoo ta rufe GeoCities a 2009, Google ta kashe Google Reader a 2013 da Google+ a 2019. Wanda ya fi taɓa mu shi ne Yahoo Groups, inda masana da marubuta da 'yan fim suka yi muhawarori masu zafi a kan finafinai da adabin Hausa a farkon shekarun 2000. Kamfanin ya share abin da ke ajiye a zaurukan daga ƙarshen 2019, ya rufe su baki ɗaya ranar 15 ga Disamba 2020. Abin da ya tsira shi ne abin da wani ya yi hangen nesa ya kwafe.

Sannan akwai maganar masu karatu. Kamfanonin waya na sayar da ƙunshin data mai rahusa wanda ke buɗe WhatsApp ko Facebook kaɗai. Mai irin wannan data idan ya latsa adireshin bulog ba zai buɗe ba. Marubucin da ya ce zai ƙaurace wa kafafen sada zumunta ya tare a shafinsa, zai yi magana ne shi kaɗai. Don haka abin da nake kira gare shi ba ƙaura ba ce. Marubuci ya fara ajiye cikakken aikinsa a wuri mai adireshi wanda yake da iko da shi, daga nan ya kai kwafi ko sanarwa inda jama'a suke. Ƙarin aikin bai wuce na 'yan mintoci ba, kuma shi ke raba rubutun da za a iya nemowa da wanda ya bi iska. Sababbin kafafe irin su Mastodon, wadda Eugen Rochko ya fitar a 2016, na ƙoƙarin haɗa biyun: kowace ƙungiya na iya kafa nata masauki da nata ƙa'idoji, masaukan kuma na magana da juna ta tsarin ActivityPub da aka amince da shi a 2018. Fasahar na da kyau, amma jama'armu ba su can, kuma ban ga alamar za su koma nan kusa ba.

5.0 Nauyin da Ke Kan Jami'o'i da Ɗakunan Karatu

Bai kamata a bar wa marubuci shi kaɗai nauyin adana adabin al'umma ba. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi a Nijeriya ya kai kwafi uku a ajiye. An rubuta dokar ne a zamanin takarda. Birtaniya ta faɗaɗa tata dokar a 2013 ta haɗa da shafukan intanet, Faransa ta riga ta tun 2006. Cibiyar Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, na kwafar buɗaɗɗun shafuka, kuma kowa na iya miƙa mata adireshi ta adana nan take, amma ba ta iya shiga zauren WhatsApp. Ko Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, da ya ɗauki alkawarin tara duk saƙonnin Twitter a 2010, ya sassauta a ƙarshen 2017 ya koma zaɓe. Idan masu wannan ƙarfi sun gaza tara komai, mu sai mu zaɓi abin da ya fi muhimmanci mu fara da shi.

Ina ganin sassan Hausa na jami'o'inmu, daga Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo har zuwa Abdou Moumouni a Yamai, su ne suka fi cancanta. Sashe ɗaya na iya buɗe rumbu inda marubuciyar onlayin za ta kai littafinta da yardarta, a ba ta shaidar ranar karɓa, a kulle shi na tsawon lokacin da ta zaɓa domin kada cinikinta ya lalace. Wannan shaida kaɗai za ta jawo marubuta, tunda ita ce hujjar da suka rasa a rigimar satar fasaha. A ajiye rubutun yadda aka same shi, da "xan" ɗinsa da "qasa" ɗinsa, domin shi ma bayani ne ga mai nazarin harshe, sannan a gina bincike da zai haɗa kamannin kalma wuri ɗaya.

Akwai kuma gyaran da ya shafe mu mu kanmu. Kafin Unicode ta yaɗu, haruffan kwamfuta na musamman irin su Rabi'at, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, sun yi wa Hausa gagarumar hidima, da su aka buga kundaye da littattafai masu yawa. Sai dai irin waɗannan haruffa na aiki ne ta hanyar ɗora siffar ƙ ko ɗ a kan lambar wata alama daban. Idan aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da su, ko aka ɗora shi a intanet, sai baƙin alamomi su bayyana a tsakiyar kalmomi, bincike kuma ya kasa gano su. Har yau ana karɓar kundaye a wannan tsari. Sauya su zuwa Unicode aiki ne na musanya alama da alama, wanda ƙaramar manhaja za ta yi wa kundi guda cikin daƙiƙoƙi. Abin da ake buƙata shi ne kwamitin karatun gaba da digiri na kowane sashe ya sanya sharaɗin cewa daga zangon karatu mai zuwa ba za a karɓi kundi ba sai da kwafinsa na Unicode, a kuma ware ɗalibai biyu ko uku su fara bin tsofaffin fayilolin da ke kwamfutocin sashen tun kafin na'urorin su lalace.